Gadar Oksijin: Makon Eta a Wata Kwalejin Ilimi

A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwan Arewa, akwai kwalba guda a sashen kimiyyar sinadarai na wata kwalejin ilimi da ba a jera ta tare da sauran kwalabe. Ruwan da ke cikinta, dai-etil eta, yana tafasa ne a digiri 34.6, wato ƙasa da ɗumin jikin ɗan'adam. Idan aka bar ta a ɗakin da rana ta gasa kwanonsa tun hantsi, ruwan zai riƙa zama tururi yana tura murfi, kafin zango ya ƙare a tarar rabinsa ya bi iska.

Dattijon da ke kula da ɗakin gwaji, wanda ɗalibai da ƙananan malamai duk Baba suke ce masa, ya samo mata dabara. Tukwanen ƙasa biyu ne, ƙarama cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, an ajiye su a lungun sito mafi nisa da taga. Firji yana nan a ofis, amma ba ya yarda kwalbar ta shige shi ko da akwai wuta, domin firjin gida yana da makunni a ciki da kan yi tartsatsi, tururin eta kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tururin ya fi iska nauyi kusan ninki biyu da rabi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse. Bin teburi yake yi, ya gangara ƙasa, ya je ya iske harshen wuta a ɗaya ƙarshen ɗakin. Ranar da za a buɗe kwalbar, Baba da kansa yake bi teburi-teburi yana kashe murhun gas, yana duba cewa kowace ɗaliba ta cusa hijabinta cikin farar riga.

Sakamakon haka, yawancin ɗaliban aji biyu da za su zauna jarrabawa a kan dangin eta sau ɗaya ko biyu kacal za su shaƙi ƙamshinsa. Sauran saninsu da shi a kan allo ne da takarda. Wannan ya sa darasin raɗa suna da zana siffa, wanda a wani wurin share fage ne kawai, a nan shi ne kusan dukkan aikin. Kuma waɗannan matasa ba masu wucewa ba ne. Su ne za su koyar da kimiyya a makarantun da da yawansu ba su da ko tukunyar Baba.

Malamar da ke ɗaukar darasin takan shigo da ƙarfe takwas, kafin ɗakin ya ɗau zafi. Ba ta farawa da eta. Ruwa take zanawa: H–O–H. Sai ta goge H ɗaya ta sa sarƙar kabon a wurinta, ta tambayi aji me aka samu. Alkohol, kowa ya san wannan tun sakandare. Sai ta goge H ta biyu, ta sa wata sarƙar. Abin da ya rage a allo shi ne R–O–R, zarrar oksijin guda riƙe da sarƙoƙin kabon biyu, ɗaya a kowane hannu. Gada take kiran wannan oksijin, kuma sunan ya bi ajin har ɗakin kwana. Duk inda ɗalibi ya ga gadar oksijin tsakanin kabon da kabon, ba tare da wata oksijin mai igiya biyu a jikin kabon na kusa ba, to eta ya gani. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin da shi ake raba eta da esta, kuma rikita su biyun shi ne kuskuren da ya fi cinye maki a makon farko.

Tana kuma dagewa kada a zana gadar a miƙe. Oksijin tana da tagwayen lantarki guda biyu da ba su shiga haɗi ba, su suke lanƙwasa ta. A ruwa kusurwar digiri 104.5 ce, a dai-metil eta kuwa ta buɗe zuwa wajen 111, saboda sarƙoƙin sun fi haidurojin cin wuri. Ɗalibin da ya zana layi a miƙe ba za ta soke masa ba idan fomula ce a taƙaice, amma za ta tsaya a kansa ta tambaye shi inda tagwayen suka tafi.

Daga nan sai suna, wanda hanyarsa biyu ce. Tsohuwar hanya, wadda har yau ita ce a jikin kwalabe da bakin ma'aikata, mai sauƙi ce: a ambaci sarƙoƙin biyu bisa jerin harufa, a rufe da kalmar eta. CH3–O–C2H5 ya zama etil metil eta, etil a gaba domin E ta riga M. Idan sarƙoƙin iri ɗaya ne sai a ce dai-metil eta ko dai-etil eta. Hanyar tana aiki lafiya har sai sarƙa ta yi rassa, ko wani rukuni ya rataya a jikinta. A nan take gazawa.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙungiyar IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ta kuma gaji aikin da masana suka soma a taron Janeba na 1892. A nan ba a ɗaukar eta a matsayin gida mai zaman kansa. Sarƙar da ta fi tsawo ita ce uwa, ita ke ba da ƙarshen suna. Gajerar sarƙar kuma ana haɗa ta da oksijin a mai da su reshe guda: metil da oksijin su zama metoksi, etil da oksijin su zama etoksi, furofil da oksijin su zama furofoksi. Saboda haka CH3–O–C2H5 metoksi-etan ne. Ba a cewa etoksi-metan, ko da yake duk mai ji zai gane abin da ake nufi, domin an ba wa ƙarama matsayin uwa. Dai-etil eta na cikin tukunya kuwa sunansa na ƙa'ida etoksi-etan.

Inda ajin ke ɗaukar zafi shi ne wajen lamba. Malama takan rubuta CH3–CH(OC2H5)–CH2–CH3 ta juyo ta jira. Hannaye su tashi. Wasu su ce 3-etoksibutan, wasu 2-etoksibutan, wani daga baya ya ƙirga kabon shida ya ce heksan ce uwar. Na ƙarshen nan ta fi daɗewa a kansa, domin kuskurensa ya fi zurfi: ya tsallake gadar yana ƙirge, alhali sarƙar uwa ba ta ratsa oksijin. Kabon huɗu ne a jere, butan ke nan. Ana kuma fara ƙirga daga ƙarshen da zai ba wa reshe lamba mafi ƙanƙanta, saboda haka 2-etoksibutan ne. Masu cewa 3 daga dama suka faro. Ba abin mamaki ba ne ga yaran da da yawansu allon makarantar allo suka fara riƙewa, amma ƙa'idar ba ta san dama ko hagu ba, ƙaramar lamba kawai take nema.

Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu: “Malama, idan akwai OH a ciki fa, wa ke gaba?” Wannan tambaya duk shekara sai an yi ta, kuma malamar tana jin daɗinta. Amsar ita ce, a hanyar IUPAC, eta ba ya taɓa zama a ƙarshen suna. Kullum reshe ne. CH3–O–CH2–CH2–OH ana kiransa 2-metoksi-etanol, alkohol ya riƙe ƙarshen suna da lamba ta ɗaya. Idan gadoji biyu ne a jikin sarƙa ɗaya, kamar CH3–O–CH2–CH2–O–CH3, sai a ce 1,2-dai-metoksi-etan. Idan zoben benzin ne a gefe guda, C6H5–O–CH3, to metoksibenzin ne, wanda kowa ya fi sani da anisol.

Ranar Laraba ta zane ce, kuma ita ce ranar da ta fi kowace armashi. Kwalejin tana da akwati ɗaya tak na ƙwallayen roba da ake harhaɗa siffar molekul da su, wasu ƙwallayen ma sun ɓace. Saboda haka kowane rukuni kan zo da kayansa. Yumɓu aka mulmula aka shanya: wanda aka shafa wa gawayi shi ne kabon, wanda aka shafa wa jar ƙasa oksijin, ƙananan da aka turbuɗa a farar ƙasa haidurojin. Tsinken tsintsiya shi ne igiya. Dokar wasan uku ce, kuma an rubuta ta a saman allo: kabon hannu huɗu, oksijin hannu biyu, haidurojin hannu ɗaya. Duk siffar da ta saɓa wa wannan, rushe ta ake yi.

Aikin da ake bayarwa kullum ɗaya ne: C4H10O. Kabon huɗu, haidurojin goma, oksijin ɗaya. A gina duk abin da za a iya ginawa da su. Amsar bakwai ce, alkohol huɗu da eta uku, amma ba a faɗa musu. Rukunoni kan samo etoksi-etan nan da nan, domin gadar tana tsakiya, biyu nan biyu can. Sai wani ya matsar da ita ya samu 1-metoksifurofan. Na ukun ne ke wahalar da su, har sai wani ya lura cewa sarƙar kabon uku tana iya kama gadar da cikinta maimakon bakinta, a samu 2-metoksifurofan. Ana nan kuma sai gardama ta tashi a wani teburi, wani saurayi ya rantse ya gano na huɗu. Malama ba ta musa masa. Ɗaukar ginin nasa take yi ta juya shi a hannu, ta ajiye kusa da na farko, ya ga da idonsa abu ɗaya ne ya kalla ta baya. Sai ta ce ya raɗa wa kowanne suna. Idan sunan ya fito iri ɗaya, to abu ɗaya ne, komai bambancin zanen.

A nan ne amfanin ƙa'idar ke bayyana, kuma a nan ne wannan aji ya sha bamban da masu haddar takardar malami. Sunan ƙa'ida umarni ne na zane. Wanda aka ce wa 2-metoksi-2-metilfurofan, ko bai taɓa jin sa ba, zai iya ja kabon uku a jere, ya je na tsakiya ya rataya masa metil, ya rataya masa O–CH3, ya cike sauran hannaye da haidurojin. Abin da ya zana shi ne MTBE, wanda aka daɗe ana zubawa a fetur don inganta ƙonewarsa, har jihohi da dama a Amurka suka hana shi saboda yana gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ɗalibi a Zariya da ɗalibi a Tokiyo za su zana abu ɗaya daga wannan suna ba tare da sun san harshen juna ba.

Bayan yumɓu sai a koma takarda, a bi matakai uku: cikakken zane mai nuna kowace igiya, taƙaitacciyar fomula, sannan zanen karye-karye, inda kowace kusurwa da kowane bakin layi kabon ne, ba a rubuta haidurojin, harafin O kaɗai ke fitowa. Na ƙarshen yana ba su tsoro da farko. Kafin mako ya fita sai ka ga sun fi son sa, domin ya fi sauri a ɗakin jarrabawa. Kuskuren da ba ya ƙarewa shi ne ɗaukar bakin layi a matsayin haidurojin, sai metoksi ya koma OH, eta ya zama alkohol.

Wannan kuskure ba ƙarami ba ne, kuma malamar tana da misalin da take tsoratar da su da shi. C2H6O na iya zama etanol, ruwan da ke tafasa a digiri 78, wanda ke cikin sanitaiza. Yana kuma iya zama metoksi-metan, iskar gas da ke tafasa a wajen digiri 24 ƙasa da sifiri. Zarra iri ɗaya, adadi ɗaya, nauyi ɗaya, amma tazarar fiye da digiri ɗari. Dalilin yana cikin zanen: etanol yana da haidurojin a jikin oksijin, da ita molekul ke riƙe maƙwabcinsa, eta kuwa ba shi da ita. Haka ma butan-1-ol, ɗan fomula ɗaya da dai-etil eta, sai ya kai wajen digiri 117 yake tafasa. Wanda ya fahimci wannan ya san abin da ya sa Baba ya nemi tukunya.

Tarihi ba ya cin lokaci mai yawa a ajin, amma ana taɓa shi. A 1540 Bajamushe Valerius Cordus ya bayyana yadda ake samun eta daga alkohol da asid ɗin salfurik. Hanyar tana nan a littattafai: a digiri 140 eta ake samu, idan aka ƙara wuta zuwa 170 sai gas ɗin etin ya fito. A 1850 Alexander Williamson, malami a Landan, ya haɗa eta ta wata hanya, inda gishirin alkohol ke kai hari ga sarƙa mai ɗauke da ayodin, kuma da wannan gwaji ya tabbatar cewa oksijin guda ce ke riƙe da sarƙoƙi biyu. Malama takan nuna musu cewa sunan ƙa'ida yana nuna inda za a yanka: metoksi-etan, a ɗauko sodiyam etoksayid da ayodometan, ko sodiyam metoksayid da ayodo-etan. Ga MTBE kuwa hanya ɗaya ce mai ɓullewa, dole metil ya ɗauki ayodin, in ba haka ba alkin za a samu a madadin eta.

Baba yana da nasa darasin da ba ya cikin manhaja. Duk shekara 'yan ajin ƙarshe masu aikin bincike kan tatso mai daga gyaɗa, riɗi ko 'ya'yan zogale sukan zo da takarda suna neman eta. Yakan tambaye su wanne. Abin da yawancinsu ke bukata shi ne wanda ake kira fetiroliyam eta, wanda ko zarrar oksijin ɗaya babu a cikinsa, gaurayen fentan da heksan ne daga ɗanyen mai. Yakan sa ɗalibi ya zana abin da yake nema a bayan takardar kafin ya buɗe sito. Yana kuma rubuta ranar da aka buɗe kowace kwalbar eta ta gaskiya a jikinta, domin idan ta daɗe tana shan iska da haske takan tara feroksayid, wanda ke fashewa idan aka ƙafar da ruwan a kan wuta. Gwajinsa ɗan fotashiyam ayodayid ne mai asid: idan ya koma rawaya ko ruwan ƙasa, kwalbar ta tashi daga aiki. Mutum irin wannan ya cancanci firji marar tartsatsi da akwatunan ƙwallaye isassu.

Darasin ƙarshe na makon shi ne wanda ɗalibai suka fi tunawa. Malama kan zo da ƙullin kayan yaji daga kasuwa: kanumfari, citta, barkono, gangamau. Ta zana yujinol, sinadarin da ya fi yawa a man kanumfari, wanda ke sa a danna shi a haƙori mai ciwo, ta ce a nemo mata gada. Tana nan, O–CH3 a jikin zoben benzin, dab da OH. Jinjarol na citta yana da ita, kafsaisin mai zafin barkono yana da ita, kurkumin na gangamau har biyu gare shi. Sai ta ciro kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro daga jaka, irin wanda babu gidan da bai sani ba, mai atemita da lumefantirin. Atemita eta ne na metil, an samo shi daga atemisinin, wanda ake tatsa daga wani tsiro ɗan dangin tazargade. Kuma Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin da ta samu kyautar Nobel a 2015, da dai-etil eta ta tatsi tsiron a 1971, bayan ta gane cewa zafin tafasawa yana lalata maganin. Saurin tafasar da ke wahalar da Baba shi ne ya yi mata amfani.

Daga nan hira kan gangara asibiti. Ranar 16 ga Oktoba, 1846, a Boston, likitan haƙori William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci eta, aka cire masa ƙari a wuya a gaban taron likitoci bai ji wuƙa ba. Yau an daina amfani da shi a yawancin ɗakunan tiyata saboda kama wuta, amma magadansa, irin su aisofuluren da sebofuluren, su ma eta ne, an dai maye yawancin haidurojin ɗinsu da fulorin.

Da dare, bayan Isha'i, ajin kan sake haɗuwa ba malami. Maza a ƙarƙashin fitilar sola da ke kusa da mai shayi, mata a barandar ɗakin kwanansu, wata ta riƙe waya tana haskawa, wata tana zane da alli a kan siminti. Ɗaya ya faɗi suna, sauran su zana. Ɗaya ya zana, sauran su raɗa suna. Wanda ya sa wa kabon hannu biyar shi zai sayi ƙosai. Masu ƙwazo kan wuce manhaja, su shiga eta masu zobe: oksiran mai kusurwa uku, wanda ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a jikin sirinji da kayan asibiti, da tetirahaidurofuran mai kusurwa biyar. Wani lokaci har su kai ga zoben kambi da Charles Pedersen na kamfanin DuPont ya bayyana a 1967, ya kuma samu Nobel a kansa a 1987. Mafi shahara a cikinsu zarra 18 ne a zobensa, shida oksijin, sha biyu kabon, ramin tsakiyarsa daidai da girman fotashiyam. Zana shi a kan siminti ba tare da ƙirge ya ɓace ba ya zama abin gasa tsakanin ɗakuna.

A zango mai zuwa waɗannan ɗalibai za su watsu zuwa koyarwar gwaji a makarantun ƙananan hukumomi. Manhajar sakandare ba ta ba eta wuri mai faɗi, yawanci a gefen alkohol yake fitowa, a matsayin misalin abubuwa biyu masu fomula ɗaya. Amma ƙa'idar da suka koya a kansa, wato nemo uwa, ƙirga daga ƙarshen da ya dace, cike hannaye, ita ce za su koyar a kan alken da alkanol da asid. Malama ta riga ta gaya musu cewa idan ta zo duba su za ta nemi ganin kwalin yumɓun kowa, kuma za ta ba wa ɗaya daga cikin yaran ajinsu C3H8O ta ga ko zai fitar da siffofi ukun: furofan-1-ol, furofan-2-ol da metoksi-etan.